Hancin Aro

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon gwiwar? Ina fata kin daina hawa kujera kina goge fanka da kanki alhali ga ƙattai zube a gida. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba, kuma shi ne ya zaunar da ni rubutun nan.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kiran waya. Kin san gidanmu, in mutum ya yi tari a uwar ɗaka sai na tsakar gida ya ce masa sannu. Maganar kuwa ba ta kunnen yara ba ce. Ta cika mini ciki, na kasa zaune na kasa tsaye, har ɗinkin mutane yau na ɗora hannun riga a baibai sai da na farke.

Kin tuna zazzaɓi da murar da suka kwantar da Baban yara bara. Ya warke, amma hancinsa bai dawo ba. Yaya, ba ya jin ƙanshi, ba ya jin wari. Harshensa yana gane gishiri da zaƙi da tsami, iyakarsa ke nan. Likita ya ce abin yana iya dawowa, yana kuma iya ƙin dawowa, wato dai bai ce komai ba. Ki duba mutumin da shi ne shugaban masu girki a gidan abincin nan tun kafin in haifi Babba, wanda kowa a unguwa ya manta sunansa sai dai Kuku. Da aikin nan muke ci, da shi yara ke makaranta, kin san keken ɗinkina ko kuɗin sabulu ba ya riƙewa kullum. Ba wanda ya san zancen sai ni, yanzu sai ke.

Hannunsa ne ya rufa masa asiri har yau. Duk abin da ake dafawa a wurin ya dafa shi ya fi a ƙirga, yana kallon launin albasa, yana sauraron ƙarar mai, ya san lokacin saukewa ba sai ya shaƙa ba. Muna lallaɓawa a haka sai ga Madam mai wurin ta dawo daga tafiya da sabon abu, injin kyafa nama na lantarki.

Bari in kwatanta miki, don yanzu haka yana tsaye a tsakar gidanmu kusa da igiyar shanya. Baƙin akwati ne kamar ƙaramin firji. Ciki raga ce hawa-hawa ta ɗora nama, ƙasa kuma ɗan tire da ake zuba ɓarɓashin itace. In an jona shi da wuta sai wani ƙarfe ya yi zafi, itacen ya riƙa hayaƙi a hankali, naman ya wuni a ciki yana dahuwa. Ba harshen wuta, ba fifita, ba ƙarar mai da zai saurara. Duk daɗin abin a ƙanshin itacen yake, kuma kowane itace da irin nasa.

Madam tana so ta buɗe farfajiyar bayan wurin ta riƙa sayar da wannan nama. Ta ce ya kawo injin gida ya koya, ya zaɓi itacen da ya dace da sauran kayan aikin, ƙarshen wata ya kai mata ta ɗanɗana. Wai har da dafa masa kafaɗar kujera tana cewa, “Ba hancin da na yarda da shi kamar naka, Kuku.” Da ya dawo yana ba ni labari murmushi yake yi, ni kuwa ban ji daɗin murmushin ba ko kaɗan.

To sai muka yanke cewa ni ce hancin. Kin san tun muna yara ni ke fara sanin madara ta juya, kuna ce mini kyanwa. Muka tafi shagon kayan girki tare, muka yi yarjejeniya a hanya: in ƙanshi ya yi mini zan mayar da jakata kafaɗar hagu, in bai yi ba zan yi tari. Mai shagon wani mai surutu ne, yana buɗe leda yana kai wa Baban yara hanci. Shi kuwa sai ya lumshe ido ya ja numfashi kamar gwani, sannan ya saci kallona. Aka buɗe ledar itacen tuffa, ƙanshinsa mai sanyi da ɗan zaƙi, ya shiga raina nan take. Ƙurar kuwa ta shige mini maƙogwaro na turnuƙe da tari na gaske. Nan take ya ture ledar ya ce wannan bai yi ba. Na dinga juya jaka daga kafaɗa zuwa kafaɗa kamar mai ƙaiƙayi, har mai shagon ya ce ko ya kawo mini kujera.

Da ƙyar dai muka gyara. Muka ɗauko na tuffa, da na ceri wanda mai shagon ya ce yana sa nama ya yi ja, da wani wai shi hikori mai ƙarfi kamar ya mari mutum, da ɗan na lemo. Cikin kayan aiki muka ɗauki kwanon ruwa da ake sa wa a ƙasa don kada nama ya bushe, da tiren ɗigar mai, da ƙugiyoyin rataya, da safar hannu, da rigar rufe injin saboda ruwan sama. Mai shagon ya so ya liƙa mana wasu farata na roba wai na yagar nama, na ce muna da yatsu. Abin da Baban yara ya fi so shi ne ma'aunin zafi mai tsinke da ake sokawa cikin tsoka. Ya riƙe shi ya ƙi ajiyewa har muka fito, don shi da lamba yake magana, ido ke karanta shi.

Shekaranjiya muka gwada kaza da itacen tuffa. Yaya, ban taɓa jin irinsa ba. Maƙwabta har leƙe suka riƙa yi ta katanga. Da yara suka shige ɗaki sai ya ce in faɗa masa yadda ƙanshin yake, dalla-dalla. Na fara, sai na ga yadda yake kallon bakina, na ji tausayinsa ya kama ni har na kasa ƙarasawa.

Ya kamata in samu natsuwa tunda an fara da sa'a, amma ina. In na yi atishawa sai gabana ya faɗi, in ce shi ke nan mura ta zo za ta tafi da abincin gidan. Ko ruwan sanyi na daina sha. Ki sa mu a addu'a, kuma don Allah kada ki bar takardar nan a kan tebur.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Gajera

*

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, da ta gwiwa wadda ba ki ce komai a kanta ba, na san kuwa shirun nan naki ma'anarsa tana nan. Na samu amsarki, na gode da addu'a. Dariyar da kika ce kin yi kan jakata na yafe miki, don yanzu ba ni da bakin dariya.

Komai ya dagule. Kwana kaɗan bayan kazar nan muka sa haƙarƙarin rago da itacen tuffa dai, daga leda guda. Hayaƙin na fara fita na ji wani ƙauri kamar an ɗora tsumma mai danshi a kan wuta. Na toshe hanci na ce masa itacen nan ya lalace. Bai musa ba, da me zai musa? Ya zazzage ledar a kan tire yana duba ko ta yi fumfuna, bai ga komai ba, amma ya ce tunda na faɗa haka ne. Ya kwashe naman ya raba wa maƙwabta.

Matar mai gyaran babur ta shigo da kwanon tana ta zuba santi, wai mijinta har ƙashi ya tauna. Da ta fita na ce masa kara ce kawai irin ta maƙwabtaka, wa za a ba nama kyauta ya ce bai yi daɗi ba? Ya gyaɗa kai. Ni a lokacin har wani alfahari nake ji, wai hancina ya fi na unguwa duka.

Muka koma kan ceri. Naman ya fito ja gwanin sha'awa, ma'aunin ya nuna ya dahu daidai, ni kuwa warin tsatsa nake ji kamar an wanke shi a tsohuwar garwa. Hikori kuwa ko ƙofar ɗaki ban iya wucewa ba, sai da na koma bayan gida na amayar da karin kumallona. Na lemo ya ɗan yi dama-dama da safe, kafin la'asar shi ma ya juya mini. Har na gwaiba ya nemo wurin wani mai lambu, ya faskara ya shanya da kansa, shi ma na ce a fitar da shi.

Da itace ya ƙare sai muka koma zargin injin. Ya ce ko fentin ciki ne ke ƙonewa, ya kwance ragar ya wanke da ruwan zafi, ya kunna shi ba komai a ciki ya wuni. Ya ce ko kwanon ruwan ne, ya sayo na ƙarfe mai kauri. Ya ce ko wayar wutar ce ke narkewa, ya sauya ta. Ya ce ko hayaƙin ne ke yawa, ya riƙa buɗe 'yar tagar saman yana rufewa. Mai shagon yanzu da ya hango shi yake washe baki, har faratan robar nan ya samu ya sayar masa. Tsakar gidanmu ta koma kamar rumfar 'yan gwangwan, ba inda zan shanya wanki.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ya koma. Mutumin da in ya shiga kicin ko tari ba a yi, yanzu ya tsaya da cokali mai yatsu a hannu yana jiran in ɗaga kai ko in girgiza. In na girgiza sai kafaɗunsa su sauka, ya ce to, bari a sake. Bai taɓa ce mini ko na tabbata ba. Da ma zai yi mini gardama da na fi samun sauƙi.

A wurin aiki kuma mataimakinsa, wani da suke kira Dogo, ya fara sa ido. Ba mugu ba ne, Baban yara ne ya koya masa riƙe wuƙa, amma ya daɗe a matsayi na biyu, kuma mutum ne mai lura. Ran nan madara ta kama a tukunya Baban yara na tsaye a kanta, sai Dogo ne ya taho daga can ƙarshen kicin ya sauke. Ya sauke yana dubansa. Madam ma kullum sai ta tambaya ina aka kwana, shi kuma ya ce ana kan gwaji.

Ni kaina ba na jin daɗin jikina. Ga kasala, ga jiri in na miƙe daga keke, ga komai na gidan yana mini wari, har sabulun wankan da na shekara ina saye. Jiya Auta ta dawo daga makaranta na ce ta cire takalminta a waje, ta ce Mama ai sabo ne. Na san hayaƙin nan ne ya cika mini ƙirji. Ina zagaya gida kamar kazar da ta rasa wurin yin ƙwai, in ɗauki almakashi in ajiye, in fita in dawo.

Ƙarshen wata ya matso kuma ba mu da itace ko ɗaya da zan iya cewa shi ne. In akwai wani abu da kika sani ana sha don wanke ƙirji daga hayaƙi, ki rubuto mini.

Gaisuwa ga maigidan da yara.

Taki,
Gajera

*

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ban da dogon zance yau, don haushinki nake ji.

Na tambaye ki maganin hayaƙi, kika aiko mini da layi biyu: wai in je asibiti, kuma in tuna abin da ya sa na tsani warin man shafawarki lokacin da nake ɗauke da Auta. Da na karanta sai da na yi tsaki na cusa takardar a ƙarƙashin yadi. Na ce Yaya ta fara ruɗewa. Ni da Babba ke jami'a, ni da furfura ta fara leƙowa ta gaban goshi, ni da na raba kayan jarirai tun tuni har da baho?

Na je don in ƙaryata ki. Malamar asibitin, yarinyar da na tabbata na girmi uwarta ko mu zo sa'a, ta dube ni tana murmushi ta ce, “Mama, barka.” Yaya, da ƙasa za ta tsage da na shige. Na fito na rasa hanyar da zan bi, na wuce tashar mota har sai da na ga kaina a gaban shagon masu sayar da katifa. To kin ci gari, sai ki yi dariyarki ki more. Ina roƙonki kada ki gaya wa kowa tukuna, ban san da idon da zan kalli Babba ba.

Na samu Baban yara a tsakar gida durƙushe gaban injin yana goge tiren mai. Na faɗa masa daga nesa, hannuna a hanci. Ya yi hamdala, ya sake yi, idonsa ya kawo ruwa. Ya taso zai zo wurina na ɗaga masa hannu, don rigarsa duk hayaƙi ce. Sai ya tsaya a tsakiya ya juya ya kalli ledojin itacen nan jere a gindin katanga, ya ce, “Ashe duk naman nan lafiyarsa ƙalau.” Muka kalli juna. Ni na fara dariya, shi ya kama, har na zauna a bakin rijiya ina riƙe ciki. Rabin wata muna ciyar da unguwa da nama mai kyau muna ba su haƙuri.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ga baki na ƙaruwa a gidan, ga hancin da muke taƙama da shi ya tafi hutu, ga ranar Madam jibi. Na ce a jarraba Auta. Ya ce yarinyar da ke cin biskit da yaji ta ce duniya ne? Kuma ba ya so yara su sani ta wannan hanya. Na ce zan daure, na ɗaure fuska da ɗankwali na matsa kusa da injin, ko taku biyar ban yi ba na juya da gudu.

Sai na kawo shawarar da nake gani ita ce mai sauƙi. Na ce ya ɗauki na tuffa kawai, ya bi ma'auninsa, ya kai mata, ya yi shiru da bakinsa. Za ta ci ta yaba, magana ta wuce. Ya ce haka ne, wannan za ta wuce. Gobe kuma in ta kawo wani sabon kayan ƙanshi fa? In kifi ya kwana aka kawo masa ya duba fa? In iskar gas ta zubo a kicin yana tsaye, yara goma na aiki a bayansa fa? Wannan ta ƙarshen ban taɓa kawo ta a raina ba, shi kuwa ashe da ita yake kwana yake tashi tun bara.

Na yi masa magiya. Na ce ya tuna makarantar yara, ya tuna abin da ke cikina, ya bari ko zuwa in sauka ne hancina ya dawo mu ci gaba da lallaɓawa. Har na yi fushi na ce ya zaɓi lokacin da ya fi kowanne muni don ya zama mai gaskiya. Ya ci gaba da jera ƙugiyoyi a cikin kwali. Ban san abin da zai yi ba, kuma in na tambaya sai ya ce in je in kwanta in huta, kamar hutun a hannuna yake.

Tsoro nake ji, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Da kina kusa da na zo na zauna a kicin ɗinki ko ba za mu ce komai ba.

Ƙanwarki,
Gajera

*

Yayata ta kaina,

Sallama da fatan alheri gare ku duka. Na ji an ce kin yarda kin je an duba gwiwar, Allah ya ƙara sauƙi. Jikina da dama, in dai ban shiga kicin ba. Auta ce ke mana girki yanzu, muna ci muna haƙuri.

Na san kina jiran labari. Ranar tun da safe motar wurin ta zo ta ɗauki injin da kwalayen. Na ga ya ɗauki leda uku, tuffa da ceri da hikori, na ce a raina mutumin nan bai yanke shawara ba har yanzu. Da suka tafi tsakar gidan ta yi fili, na share ta, na sake sharewa. Na zauna a keke na kasa taka shi. Duk babur ɗin da ya tsaya a layinmu sai na leƙa. Na ɗauki waya in kira shi ya fi sau nawa ina ajiyewa.

Sai gab da magariba na ji buɗe ƙofa. Kafin in gan shi warin ya riga shi shigowa, wuni guda na hayaƙi a jikinsa da gashinsa. Na ruga ɗaki na turo ƙofa, ina jin kunyar abin da nake yi amma cikina ya fi ƙarfina. Shi ma ya gane. Ya jawo kujerar roba ya zauna a tsakar gida daidai tagar ɗakinmu, ni ina ciki a bakin gado, raga a tsakaninmu. A haka ya ba ni labarin.

Kashi uku ya kyafa, kowanne da itacensa. Ya jera su a faranti a farfajiyar, ya kira Madam da Dogo da masu kai abinci, ya ce kowa ya ci ya faɗi wanda ya fi. Madam ta ce ai shi aka ba zaɓi. Sai ya ce mata, a gaban kowa, hancinsa ya mutu tun bara, ba ya jin komai, matarsa ce ke shaƙa masa, ita ma yanzu nata ya tafi wani aikin. Ya ce zai iya ba ta tabbacin naman ya dahu, ya yi laushi, gishirinsa daidai, amma ƙanshi sai dai su faɗa masa.

Wai Dogo ya sunkuyar da kai. Madam ta ja faranti ta ci na farko, ta ci na biyu, ta ci na uku, ta koma na biyu. Aka zagaya, yawanci suka ce ceri, ita ma ta ce ceri, a riƙa ɗan haɗawa da tuffa in kaza ce. Sannan ta ce ya same ta a ofis.

Ba ta kore shi ba, Yaya. Ta ce ta ji zafin ɓoyewar, kuma ba za ta iya barin kicin mai gas a hannun wanda ba ya jin wari ba, shi ma ya ce da shi ne ita haka zai yi. Daga farkon wata Dogo ne shugaba. Shi kuma an ba shi farfajiyar baya da injin, ya riƙa kyafa nama, shi kaɗai da ma'auninsa. Albashin zai ragu. Za mu ɗaure, na riga na fara karɓar ɗinkin kayan makaranta da na saba ƙi. Ya ce da ya koma kicin ɗaukar wuƙaƙensa, Dogo ya riga shi ya naɗe masa su a tsumma, ya miƙo da hannu biyu, ya kasa haɗa ido da shi.

Na so in ce masa ya yi daidai, na so kuma in ce na gaya maka. Duk biyun na haɗiye su. Na ce ya tashi ya yi wanka ga ruwa can na ajiye. Bai tashi ba. Ya ɗaga hannun rigarsa ya kai hanci, yadda ya saba yi da can in ya dawo aiki, ya ja numfashi, ya sauke.

Ya ce, “Daga yau wannan ne ƙanshina, kullum da shi zan riƙa shigo miki. Faɗa mini, yaya yake?”

Yaya, mutumin nan rabin wata yana zubar da aikinsa a kan maganata bai taɓa tuhumata ba, ba zan iya yi masa ƙarya ranar da ya rasa kicin ɗinsa saboda gaskiya ba. Na taso na buɗe ƙofa na fito, na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa, ina shaƙa ta baki. Na ce, “Wari kake mini, kamar in mutu. Amma ba ni ce mai hancin ba yanzu. Ka bari in sauka, zan shaƙa in faɗa maka dalla-dalla.” Ya ce zai jira. Na ɗora kaina a gwiwarsa na daure iya daurewata, da ta ci tura na tashi na je bayan gida, na kuskure baki na dawo na zauna inda nake.

Ki gaishe da maigidan da yara. In kina da sauran kayan jarirai da ba ki rabar ba, ki ajiye mini.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Gajera